Darasi na Tara: Tsare Hankali da Lokaci a Wurin Sana'a

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana son ɗalibi ya iya:

1. gane abubuwan da ke ɗauke masa hankali a wurin sana'arsa;
2. lissafa lokacin da ke salwanta masa a mako da wata;
3. tsara yininsa bisa lokutan salla da yanayin ƙasarmu;
4. sallamar mai ziyara ko mai kira ba tare da zumunci ya ɓaci ba;
5. rubuta buri guda ɗaya da matakan kaiwa gare shi.

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega, zai ga mutane a bakin neman halaliyarsu: tela a kan keke, bakanike a ƙarƙashin mota, mai POS a rumfarsa, ɗan kabu-kabu a tasha, masu albasa suna ɗura buhuna. A cikin gidaje mata na suyar ƙuli-ƙuli da awara, wasu na ɗinkin hula. Kowa ya fito da niyyar aiki. Amma ka zauna da su bayan Magariba, za ka ji da yawa na cewa, "Yau dai yini ya tafi, ban ga abin da na yi ba." An gaji, aiki kuwa yana nan.

Sau da yawa ba ƙyuya ke jawo haka ba. Yinin ne ake yi wa gunduwa-gunduwa: gaisuwa nan, kiran waya can, saƙon WhatsApp, hirar siyasa, ɗan aike. In ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu ba laifi ba ne, wasu ma lada ake samu da su. Ɓarnar tana zuwa ne idan abin kirki ya shigo a lokacin da ba nasa ba. Abin da wannan darasi zai koyar shi ne yadda za a ba kowane abu lokacinsa, a kuma killace wani yanki na yini don aikin da zai kai mutum ga burinsa.

1. Abin koyi daga Sifawa da Boɗinga

Matsalar ba yau ta fara ba, kuma a ƙasar nan tamu akwai misalin yadda magabata suka shawo kanta.

Bayan an ci Alƙalawa a 1808, al'amuran jama'a suka yi wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yawa. Ga wakilai daga ƙasashen da aka ba tuta, ga masu kawo ƙara, ga naɗin alƙalai da hakimai, ga musayar wasiƙu da Shehu Laminu na Borno. Wajen 1810 Shehu ya baro Gwandu ya zauna a Sifawa, cikin ƙaramar hukumar Boɗinga ta yau. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna a Boɗinga, ɗansa Muhammadu Bello kuma yana Sakkwato, garin da ya fara ginawa a 1809.

A 1812 Shehu ya raba ɗawainiyar mulki gida biyu, yamma a hannun Abdullahi, gabas a hannun Bello. Shehu kuwa ya duƙufa ga abin da ya sa a gaba tun yana Ɗagel, wato karantarwa da rubutu. A shekarun Sifawa ne ya rubuta Sirajul Ikhwani a 1811 da Najamul Ikhwani a 1812, da wasu littattafai da dama, kafin ya koma Sakkwato a 1815, inda ya rasu a 1817. Malam Abdullahi ma, duk da nauyin ƙasashen yamma da ke wuyansa, a shekarun zamansa na Boɗinga ya haɗa Tazyinul Waraƙati a 1813, ya kuma rubuta babban tafsirinsa, Liya'ut Ta'awili, wanda har gobe ake karantawa a zaurukan malamai. Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812. Duk wannan da alƙalamin kara da tawada aka yi shi, da hasken rana ko na fitilar mai.

Abu uku za mu ɗauka daga nan. Shehu ya tantance aikin da ya fi kamata ya riƙe da hannunsa. Ya danƙa sauran ga amintattu. Kuma bai rufe ƙofa ga jama'a ba, domin Sifawa cike take da almajirai da masu neman fatawa. Tela ko mai shago ba shi da daula da zai raba, amma tambayoyin da ke gabansa irin waɗannan ne: wane aiki ne sai ni? Wanne zan iya ba wani? Yaushe ne lokacin jama'a?

2. Tsadar katse aiki

Dubi maƙeri. Ya zuga wuta, ƙarfe ya yi ja, ya ɗora shi a kan uwar maƙera zai fara duka, sai ga mai sallama. Gaisuwar ba ta wuce minti biyu ba, amma kafin ya juyo ƙarfe ya huce. Dole ya mayar da shi wuta, ya ƙara gawayi, ya sake jan zugazugi. Ya yi asarar minti biyun gaisuwa, ya kuma yi asarar gawayi da lokacin sake ɗumamawa. Haka hankalin ɗan Adam yake. Yana ɗaukar lokaci kafin ya nutse cikin aiki, in aka fizge shi kuma sai an sake farawa daga baya.

Masana sun auna wannan. Farfesa Gloria Mark ta Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine a Amurka ta shafe shekaru tana lura da ma'aikatan ofis. Ta gano cewa idan aka katse mutum, yakan ɗauki wajen minti 23 kafin ya dawo kan aikin da ya bari, domin a tsakani yakan faɗa wasu ƙananan ayyuka. Ta kuma gano cewa kusan rabin katsewar, mutum ne ke katse kansa da kansa, ba wanda ya kira shi. A 2004 ta auna cewa mai aiki da kwamfuta yakan tsaya a kan abu ɗaya wajen minti biyu da rabi kafin ya juya ga wani. Daga baya lokacin ya sauko zuwa daƙiƙa 47. Wata masaniya, Sophie Leroy, ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar aiki bai kammala ba ya shiga wani, wani sashe na tunaninsa yakan maƙale a na farkon, sai na biyun ya fito da rauni.

Hausawa sun daɗe da sanin haka, shi ya sa suka ce taura biyu ba ta taunuwa. Wanda ke ganin yana yin abu biyu a lokaci guda, a gaskiya tsalle yake tsakaninsu, kuma a wurin tsallen ne kuskure ke shiga. Lambar asusun banki a Nijeriya lamba goma ce. Mai POS ya kuskure ɗaya yana hira, sai a shiga rigimar neman kuɗi. Tela ya sa almakashi a shaddar mutane da waya a kunne, yanka ɗaya ya isa ya cinye ribar mako. Mai noman rani ya tayar da injin ban ruwa ya zauna kallon bidiyo, fetur na ƙonewa, ruwa ya cika fangali ya malale. A kan hanya kuwa abin ya wuce asarar kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce direban da ke amfani da waya yana tuƙi ya fi wanda ba ya yi shiga haɗari da wajen ninki huɗu, kuma dokar hanya a Nijeriya ta haramta hakan. Ɗan kabu-kabu da ya ji waya na ƙara, ya gangara gefe ya tsaya, sannan ya amsa.

3. Masu ɗauke hankali iri huɗu

Na farko, waya. Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, yau kuwa da wuya ka sami rumfar da babu ita. Amfaninta ba ya ƙidayuwa: da ita manomin albasa ke jin farashi kafin ya yi lodi, da ita ake tura kuɗi, da ita ake jin lafiyar ɗan da ya tafi cirani. Sai dai ya kamata ɗalibi ya san cewa Facebook da TikTok da YouTube da talla suke samun kuɗi. Gwargwadon daɗewar idonka a kansu, gwargwadon tallan da za su nuna maka. Shi ya sa bidiyo na ƙarewa wani ke tasowa ba ka nema ba. Ƙwararru aka biya suka tsara abin don ya riƙe mutum, saboda haka ƙarfin hali kaɗai ba ya isa, sai an haɗa da dabara.

Na biyu, jama'a. Rumfar mai sana'a a garuruwanmu ba ta rasa benci, benci kuwa ba ya rasa mazauna. Wani ya zo shan inuwa, wani cajin waya, wani ya kawo labarin siyasa ko na ƙwallon daren jiya. A ofis akan bi ɗaki-ɗaki da sunan gaisuwa har hantsi ya wuce. A gida maƙwabciya ta shigo aron rariya, hira ta kai Azahar.

Na uku, zuciya. Mutum na zaune shi kaɗai, ba waya ba baƙo, amma tunanin bashi ko kuɗin makaranta ko jita-jitar tsaro ya tafi da shi. Wani lokaci kuma aikin ne ke da wuya, sai rai ya nemi hanyar zillewa. Ka ga mai shago ya tashi goge kantar da ba ta da ƙura, don kawai kada ya buɗe littafin bashin da yake jin tsoron lissafinsa.

Na huɗu, jiki da wuri. Yunwa da ƙishirwa da ƙarancin barci suna raunana hankali. Zafin bazara a ƙasar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, yakan haura digiri 40, kuma a irin wannan rana tunani kan yi nauyi. Wurin aiki mai tarkace shi ma ɓarawon lokaci ne: a nemi almakashi, a nemi tef, a nemi sifana, kowane nema katsewa ne.

4. Mu yi lissafi

A ce tela yana ɗaukar waya sau 12 a yini ba don kiran mai ɗinki ba, kowane ɗauka minti 5.

12 × 5 = minti 60, wato awa 1 a yini.
A kwana 6 na aiki: awa 6 a mako.
A mako 4: 6 × 4 = awa 24.
In yinin aikinsa awa 8 ne: 24 ÷ 8 = yini 3.

Ke nan kowane wata yini uku cur suna tafiya, ban da lokacin sake nutsuwa bayan kowace katsewa. In yana ɗinka kaftani biyu a yini, kaftani shida ke nan. Kowane ɗalibi ya sa kuɗin ɗinkin kaftani a garinsu, ya ninka sau shida, ya ga abin da ya fita. Sannan ya ninka sau 12 ya ga na shekara.

5. Dabarun tsare lokaci

(a) Gina yini a kan lokutan salla. Mutumin Boɗinga ko Shagari ba ya bukatar a saya masa jadawali, ladan ya riga ya raba masa yini. Daga Asuba zuwa hantsi gari da sanyi, kai da sauƙi, masu ziyara ba su fito ba. Nan za a sa aikin da ya fi wuya ko ya fi bukatar natsuwa: yankan yadi, lissafin shago, rubuta rahoto, bitar karatu. Da sanyin safiya ake kama fara. Daga hantsi zuwa Azahar, lokacin hulɗa da masu saye da amsa kira. Tsakanin Azahar da La'asar, abinci da ƙailula da ƙananan ayyuka irin su sa maɓalli da guga. Bayan La'asar, aji ko ziyara ko zango na biyu na aiki. Majalisa kuma bayan Isha'i, a tashi da wuri don Asubar gobe. Mai shayi da mai gadi da ma'aikacin asibiti mai kwanan aiki, tsarinsu zai bambanta. Kowa ya duba lokacin da kansa ya fi sauƙi, mutane suka fi ƙaranci, ya killace shi.

(b) Yin aiki zango-zango. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da wata dabara a ƙarshen shekarun 1980 yana ɗalibi: a yi aiki minti 25 ba ɗagowa, a huta minti 5, a sake. Wanda ba ya son duban agogo yana iya auna zangonsa da aikin kansa: "Ba zan ɗago ba sai na gama wuyan rigar nan," ko "sai na gama kunya biyar," ko "sai na sauke kasko uku." Muhimmin abu shi ne a san inda zango ya fara da inda zai ƙare, a kuma huta da gaske in an kai.

(c) Sa wa waya linzami. A lokacin da aka killace, a kashe data, a bar layin kira a buɗe saboda iyali da masu saye. A sa wayar a aljihun rigar da aka rataye ko cikin durowa, domin abin da ido ke gani hannu na kaiwa. WhatsApp yana da wurin kashe ƙarar zaure na awa takwas, ko mako ɗaya, ko dindindin. Zauren 'yan unguwa da na tsofaffin ɗalibai ba sa bukatar su yi ƙara a tsakiyar aiki. A cikin saitin yawancin wayoyin Android akwai wurin da ke nuna awa nawa aka yi a kan kowace manhaja. A nemi wanda ya iya ya nuna, a duba sau ɗaya a mako. Labarai kuma a yanka musu lokaci, kamar yadda iyayenmu suka saba da rediyo: a saurari Rima ko sashen Hausa na BBC safe da yamma, a koma bakin aiki. Wanda ke da ƙaramar waya mai maɓalli, ita ta fi dacewa da gona da bakin inji.

(d) Sallamar mutane da ladabi. Nan ne wahalar take, domin ba mai son a ce masa mai girman kai. Amma addininmu ya koyar da neman izini kafin shiga, ya kuma koyar da cewa wanda aka ce ya koma, ya koma ba tare da jin haushi ba. Sirrin shi ne a cika gaisuwa, a faɗi uzuri, a ba da wani lokaci, a kuma cika alkawarin. Ga misalai.

Tela ga dattijon unguwa, bayan ya miƙe sun gaisa: "Baba, kun same ni da alkawarin mutane a hannu, anjima za a zo karɓa. In kun yarda, bayan La'asar ni da kaina zan iso gida mu yi maganar a tsanake." Dattijo: "Ba komai ɗana, Allah shi yi albarka. Sai ka zo."

Mai shago ga abokinsa: "Ka yi mini uzuri, ina tsakiyar lissafi. Mu haɗu a majalisa bayan Isha'i, ina son jin ƙarshen labarin nan."

Mai suya ga maƙwabciyarta: "Yaya, ga rariyar. Mai na kan wuta, in na sauke zan leƙo mu gaisa sosai."

Ma'aikaci ga shugabansa, in ya ƙaro masa aiki a kan aiki: "Ranka shi daɗe, ina kan rahoton da ka ce a kammala yau. Wanne zan fara gabatarwa, shi ko wannan sabon?"

In mutane suka ga kana zuwa bayan La'asar kamar yadda ka faɗa, za su saba da tsarinka, har su riƙa gaya wa wasu. In ka saɓa, uzurinka na gobe ba zai karɓu ba. A lura kuma akwai abubuwan da ake ajiye musu kowane aiki nan take: rasuwa, rashin lafiya, naƙuda, gobara, kiran gaggawa na iyaye.

(e) Raba aiki. Wannan shi ne darasin Sifawa. Yaron shago ya tari masu karɓar kaya, maigida ya tsaya kan yanka. Babban ɗa ya je sayen zare ko fetur bayan an taso daga makaranta. Matan gida ɗaya ko maƙwabta su yi karɓa-karɓa: yau wannan ta kula da yara awa biyu waccan ta yi sana'arta, gobe a juya. Miji kuma ya san cewa lokacin ajin matarsa da na sana'arta lokaci ne mai daraja, kada ya cika shi da aike.

(f) Littafin aljihu. Ga amfanin karatun da kuke yi a wannan aji. In tunani ya faɗo a tsakiyar aiki, "ban biya kuɗin taki ba," "ban kira wane ba," a rubuta shi layi ɗaya a ci gaba. Zuciya takan saki abin da ta san an adana. In dole ta sa a bar aiki a tsakiya, a rubuta inda aka tsaya da abin da ke biye, don dawowa ta yi sauƙi.

(g) Shiri tun dare. Kafin a rufe rumfa, a mayar da kowane kayan aiki mazauninsa, a ajiye aikin farko na gobe a sama, a rubuta abu uku da ake son gamawa. Wanda ya wayi gari ya san abin da zai fara, da wuya waya ta riga aiki zuwa hannunsa.

6. Buri da matakansa

Wanda ba shi da inda ya nufa, kowace hira tana iya tsayar da shi. Abin da ke ba mutum ƙarfin cewa "sai bayan La'asar" shi ne sanin abin da yake tara lokacin dominsa.

Alhaji Shehu Shagari, wanda aka haifa a garin Shagari a 1925, mataki-mataki ya hau: elementare a Yabo, midil a Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna. Ya dawo ya koyar da kimiyya a midil ta Sakkwato, daga baya ya zama hedimasta a Argungu. Yana cikin aikin malanta ya tsara Waƙar Nijeriya a 1948, don ya koya wa masu jin Hausa labarin ƙasarsu. An zaɓe shi Majalisar Wakilai ta Tarayya a 1954. Da sojoji suka kifar da gwamnati a 1966 ya dawo gida, ya sa ƙarfinsa ga asusun raya ilimi na lardin Sakkwato, wanda ya gina makarantu. A 1978 shi da marubuciya Jean Boyd suka fitar da littafi kan shugabancin Shehu Ɗanfodiyo. Ya zama shugaban ƙasa daga 1979 zuwa 1983, kuma a zamaninsa, a 1982, aka ƙaddamar da gangamin yaƙi da jahilci na ƙasa baki ɗaya. Ya rasu a 2018, aka binne shi a Shagari. Muƙamai sun zo sun wuce, amma ilimi da rubutu suna nan a kowane zango na rayuwarsa. Malamin makaranta mai aji da gyaran littattafan yara ba ya tsara doguwar waƙa sai ya ware mata lokaci daga cikin abin da ya rage masa.

Ga yadda ɗalibi zai tsara nasa burin:

Ɗaya, a zaɓi buri guda. Wanda ya sa biyar a gaba lokaci ɗaya ya ƙara wa kansa masu ɗauke hankali ne.

Biyu, a sa masa adadi da lokaci. "Ina son in ci gaba" fata ne. "Zan sayi keken ɗinki kafin Babbar Salla" ko "zan iya rubuta wasiƙa da kaina kafin damina ta faɗi" shi ne buri.

Uku, a rarraba shi. A ce keken naira 120,000 ne, saura mako 24: 120,000 ÷ 24 = naira 5,000 a mako. Yanzu an san zubin adashen da za a shiga, an kuma san ɗinki nawa za a ƙara a mako.

Huɗu, a shirya wa cikas tun bai zo ba. Wani Bajamushe masanin halayyar ɗan Adam, Peter Gollwitzer, ya nuna cewa mutane sun fi cika niyya idan suka tsara ta da sigar "in kaza ya faru, zan yi kaza." Misali: "In na idar da sallar Asuba, zan buɗe littafina kafin in kunna data." "In abokai suka zauna a benci da safe, zan gaishe su in koma kan keke."

Biyar, a yi la'akari da shekara. Damina ta gona ce, makonnin kafin Salla na tela ne da mai kitso da mai lalle. Burin karatu ya fi tafiya da rani. A rage shi a lokacin matsi, kada a yar da shi gaba ɗaya. Ko shafi ɗaya a yini ya fi babu.

Shida, a gaya wa mutum ɗaya amintacce, a riƙa yi masa bayani duk Juma'a. In mako ya ɓaci saboda biki ko jinya, a ɗora daga inda aka tsaya.

Taƙaitawa

Katse aiki na cin lokacin katsewar da lokacin sake nutsuwa, yana kuma jawo kuskure. Masu ɗauke hankali huɗu ne: waya, jama'a, zuciya, jiki da wuri. Maganinsu shi ne killace lokaci mafi kyau don aiki mafi muhimmanci, nisanta waya a wannan lokaci, ba mutane wani lokaci da cika shi, raba aiki, da rubuta abin da ya faɗo a rai. Duk wannan yana ɗorewa ne in akwai buri guda mai adadi da lokaci.

Tambayoyi

1. Wane mataki Shehu Usmanu ya ɗauka a 1812, kuma me ya ba shi damar yi?
2. Kawo littafi ɗaya da Malam Abdullahi ya rubuta a shekarun zamansa na Boɗinga.
3. Me ya sa gaisuwar minti biyu ke iya cin fiye da minti biyu?
4. Ta wace hanya Facebook da TikTok ke samun kuɗi, kuma me ya haɗa wannan da lokacinka?
5. Mai awara tana tsayawa hira sau 4 a yini, kowace minti 15. Awa nawa ke nan a kwana 6?
6. Kawo abubuwa uku da ya wajaba a ajiye aiki dominsu nan take.
7. Mene ne bambancin fata da buri? Ba da misali daga sana'arka.

Aikin rukuni

A kasu uku-uku. Ɗaya ya zama mai sana'a, ɗaya baƙo, na uku mai lura. Mai sana'a ya sallami baƙon da ladabi: da farko a matsayin dattijo, sannan aboki, sannan suruki. Mai lura ya faɗi ko an cika gaisuwa, an faɗi uzuri, an ba da wani lokaci. A juya har kowa ya taka kowane matsayi. Daga nan aji ya tattauna: wa ya fi wuyar sallama, kuma wace magana ce ta fi karɓuwa a garinku?

Aikin gida

1. Kwana uku a jere, duk lokacin da aka katse ka ko ka katse kanka, ja layi ɗaya a littafinka ƙarƙashin ɗaya daga cikin kalmomin nan: waya, jama'a, zuciya, jiki da wuri. Ƙidaya layukan, ka gano wanne ya fi yawa.
2. Zaɓi dabara ɗaya daga sashe na 5 wadda ta dace da abin da ka gano, ka yi aiki da ita har mako ya zagayo.
3. Rubuta burinka a jimla ɗaya, da adadinsa da lokacinsa, da jimla biyu masu farawa da "In". Kawo littafinka aji mai zuwa, za a karanta na waɗanda suka yarda.